Takardun da Muka Binne a Bakin Telwa

Shekara goma sha biyu ke nan cif da aka fitar da ƙanena Alasan daga gidanmu na tsohon garin Agadas aka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan sa a dafa shinkafa a rarraba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙare mini. Ƴarsa Rakiya, wadda ya bari tana da shekara takwas, ta dawo hutu daga jami'a a Yamai, inda take karatun fizik irin na ubanta, ta ce in ba ta makullin akwatin takardunsa. Akwatin yana nan a ɗakina, na ƙarfe, shuɗi, da kwaɗonsa. Takardun ne babu. Mu muka binne su kwana arba'in bayan rasuwarsa, kuma tun daga ranar nake gaya wa yarinyar nan suna ciki.

Na san abin da mai karatu zai ce a ransa, ban kuma hana shi ba. Sai dai kafin a yanke mini hukunci a bari in faɗi wane ne Alasan, don yawancin waɗanda suka yi masa salla ba su san abin da ya ƙare rayuwarsa yana yi ba. Babanmu baduku ne, yana ɗinka takalman fata a bakin kasuwa. Ni ce fari. Na ba Alasan shekara shida, ni na goye shi, ni na fara riƙe masa hannu ya rubuta harafi. Daga baya na zama malamar makarantar boko, na yi shekara talatin da ɗaya ina shaƙar alli, yara suna ce mini Madame. Shi kuwa tun yana ƙarami ba ya barin abu a rufe. Ya taɓa kwashe gishirin Tigidda da Inna ta ajiye wa awakinta ya narkar da shi duka a ruwa, wai yana neman inda jan launin yake ɓuya. Ya sha bulala, awaki suka yi asara, shi kuwa washegari ya koma tambaya. Da ya ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, aka ba shi bursu, wato tallafin karatu, ya tafi Faransa, ya yi shekara goma sha huɗu, ya dawo da digirin dokta.

Wata safiya, a wani hutu da ya zo, muna shan shayi a inuwar tsakar gida, na ce masa: "Kai Alasan, mutane na tambayata aikinka, ni kuma kunya nika ji. Faɗa mini yadda zan faɗa wa Inna."

Ya jawo farantin dabino gabansa ya fara. Ya ce duk abin da ido ke gani, har shayin da ke hannuna, da ƙwayoyin zarra aka gina shi, kuma kowace ƙwaya tana da wani ɗan ƙwallo a tsakiyarta, wanda Faransawa ke kira noyau. A cikin ƙwallon akwai ƴan abubuwa iri biyu a cunkushe, furoton da nutoron. Ni dai a littattafan makaranta zagayayye nake ganin an zana shi, na ɗauka duk haka suke. Ya ce ina. Wasu dogaye ne kamar dabinon In-Gall, wasu a baje suke kamar cuku. Akwai kuma wasu, su ne suka sace masa zuciya, waɗanda tsakiyarsu a dunƙule take, amma nutoron ɗaya ko biyu suna yawo can nesa, da ƙyar ake riƙe da su, su ba su tafi ba, su ba su shigo ba. Masana suna kwatanta su da zoben hasken nan da kan kewaye wata. Nasa na musamman sunansa beriliyom sha ɗaya, wanda ko minti guda ba ya yi a duniya yake rikiɗewa ya zama wani abu. Tsakiyarsa a karkace take, kuma abin da Alasan ke son sani shi ne yadda wannan karkata ke juya zaman nutoron ɗin da ke waje.

Na ce to abin da ba a gani, yaya ake sanin fasalinsa? Ya ce akwai wata babbar na'ura da ke harba ƙwallo ɗaya ya gifta wani da gudu. Suna gab da juna sai ɗayan ya miƙa wa ɗan'uwansa nutoron guda, ya wuce. Su kuma masu aikin sai su auna ta ina abin da ya rage ya fito, da kuma irin gudunsa, daga nan su lissafa inda nutoron ɗin ya zauna. Ya ce kamar in aika mutum da kwanon abinci gidan da ban taɓa shiga ba, ya miƙa ya fito, ni kuma daga ƙofar da ya ɓullo da yadda yake haki in gane yadda aka gina gidan. Ba sau ɗaya ake aiken ba, sai an yi dubbai kafin a yarda. Na tambaye shi amfanin wannan wahala. Ya yi dariya ya ce: "Yaya, ba komi aka ci ba. Wani abin sani a kai."

Ina roƙon mai karatu ya riƙe abu guda, domin duk masifar daga nan ta taso. Aikin Alasan ba shi da haɗi da iraniyom. Iraniyom yana cikin masu nauyi, can ƙarshen jeri, nasa kuwa yana cikin marasa nauyi, a farko. Bai taɓa shiga ramin haƙa ba, bai taɓa riƙe dutsen ba. Yawancin aikinsa ma lissafi ne, a takarda da ordinato, wato kwamfuta.

Ya dawo gida ne saboda Inna ta kwanta ciwo, da kuma wani taurin kai irin na gidanmu, wai abin da ya koyo na ƙasarsa ne. Ya ɗauki takardun shaidarsa ya yi ta hawa da sauka a ofisoshin Yamai. Ko'ina tambaya ɗaya ce. Kana iya gano iraniyom a ƙarƙashin ƙasa? Ya ce wannan aikin masana duwatsu ne. Kana iya tace shi? Ya ce wannan na masu shimi ne, masana sinadarai. Wani babban mutum ya tura masa takardunsa ya ce: "To Dokta, mi ka iya?" Ƙarshenta ya dawo Agadas ya kama koyarwa a wata lise, babbar sakandare, a kan kwantiragi, ya auri Zainabu, suka haifi Rakiya. A unguwa aka sa masa suna Malam Bom. Tsofaffi suna kawo masa jikoki masu zazzaɓi tunda an ce dokta ne, mata suna aiko masa da firjin da ya lalace tunda an ce ya karanci kuran, wutar lantarki. Yana yi musu bayani a hankali, su tafi suna cewa shekara goma sha huɗu a Turai ba ta tsinana masa komai ba. Ni abin yana ƙona mini rai, na sha faɗa da mutane a kansa. Shi ko a jikinsa.

Abin da ya dame shi daban ne. Yakan ce manyan motoci suna wucewa ta gefen garinmu ɗauke da arzikin ƙasar nan zuwa teku, amma mu ko kalmar da za mu kira abin da ke cikinsa ba mu da ita, kuma mutumin da ba shi da sunan abu ba shi da bakin yin ciniki a kansa. Sai ya fara rubuta littafi da Hausa a kan ƙwallon zarra, tun daga tushe har zuwa nasa aikin, don ɗaliban lise da iyayensu. A kaye yake rubutawa, littafin rubutu irin na ƴan makaranta, Faransanci a shafin hagu, Hausa a na dama, kuma kowane shafi sai ya sa bisimilla a samansa, yadda Baba ya koya mana. Kalmar da ya rasa, ya tafi nemanta. Ya zauna da maƙera, ya je wurin masu gishiri a Tigidda, ya kwana biyu a garkar wani mai lambu a Dabaga yana jin yadda suke kiran abubuwa. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, ga lissafinsa na beriliyom da bai taɓa ajiyewa ba. Kaye ashirin da uku suka taru. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan zo ya karanta mini abin da ya rubuta a makon, wai ni malama ce, in gyara masa. Gaskiya ɗaya ce, da kunne guda nake saurarensa, ɗayan yana kan tukunya ko kan takardun ɗalibaina. Na ɗauka muna da lokaci.

Yau in ka kunna rediyo, kowa masanin iraniyom ne. Mai shayi yana da ra'ayi, mai kabu-kabu yana da nasa. Ana ta cewa arzikinmu ne, dole mu riƙe abinmu da kanmu, har ana kira ga masananmu da ke waje su dawo gida. Ban ƙi maganar ba, gaskiya ce. Kwanan baya na ji muryar wani da na sani sarai, ɗaya daga cikin masu kiransa Malam Bom, yana kuka a rediyo cewa ba mu da masana. Ana tsakiyar maganar kuran ya ɗauke, na ce madalla. Nakan tambayi kaina me Alasan zai ce da ya ga wannan zamani. Na san ba zai yi zagi irin nawa ba. Zai jira mai jawabi ya gama, ya ɗaga hannu kamar ɗalibi, ya ce wane iraniyom ake nufi, mai ɗari biyu da talatin da biyar ko mai ɗari biyu da talatin da takwas? In aka yi tsit, ba zai yi dariya ba, zai nemi alli ne. Kuma da littafinsa yana nan, da yau ne ranarsa, da an samu abin da za a miƙa wa yaran da ke ta ihu a titi su karanta su san abin da suke yi wa ihun.

Ciwon hanta ne ya kashe shi, irin wanda ya ɗauki Inna. Likita ya rubuta a takarda, ni na karɓa da hannuna. Amma da idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, jikinsa ya zube, sai magana ta fara yawo a unguwa cewa gubar iraniyom ce ta ci shi, wadda ya kwaso daga Turai. Ba zan ce mutanenmu mahaukata ne ba. Kusan kowane gida yana da wanda ya tafi aikin haƙa a arewa ya dawo yana tari ya rame, kuma an sha gargaɗin mutane su guji tsofaffin ƙarafan da ke fitowa daga can. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron yana da tushe, sai dai ba a ƙofarmu ya kamata ya tsaya ba. Masu dubiya suka koma tsayawa a bakin zaure, rawani a kan hanci. In Zainabu ta aika wa maƙwabta abinci, kwano ya dawo yadda ya tafi. Aka hana yara wasa da Rakiya. Da na gaya wa Alasan, yana kwance da ƙyar yake magana, sai ya ce: "Yaya, in kin ga na hwara haske, ki kira su su zo su yi cajin salula." Na yi dariya har da hawaye. A ranar ne kuma ya nuna mini kwalayen da kayen ke ciki ya ce: "Na Rakiya ne. Ki riƙe mata har ta girma." Na ce na ɗauka.

Ranar sadakar arba'in, mutanen da suka zo ba su cika tabarma biyu ba, su ma a waje suka zauna. Da aka watse, Kawu Sidi, yayan Inna, wanda shi ne babba a dangi a lokacin, ya kira ni da Zainabu. Shi ma ya rasu yanzu, Allah ya gafarta masa, kuma ba mugun mutum ba ne. Ya ce an wanke tufafin mamaci an bayar, ba wanda ya karɓa. Ya ce mutane sun haƙiƙance gubar tana cikin takardun, tunda su yake runguma dare da rana. An riga an yi shawara a masallaci. Ba za a zubar da su a juji ba, don akwai sunan Allah a kowane shafi. Ba za a ƙone su ba, don hayaƙi zai kwashi gubar ya raba wa unguwa. Saura a binne su a bayan gari cikin mutunci, yadda ake yi wa tsofaffin warƙoƙin Alƙur'ani.

Na ce: "Kawu, takarda ce da tawada. Ciwon Inna ne ya kashe shi, ga takardar likita."

Ya ce: "Mariyama, ke kinka yi lakkwal kinka san boko, mu kuwa mun binne mutane. Muddin kayan ga na cikin gidan ga, ba mai taka shi. Ki dubi Zainabu, ki dubi ɗiyar ga. Amma in kin tabbata, ga Alƙur'ani, ki dahwa ki rantse ba komi cikinsu. Ni da kaina zan tashi masallaci in hwaɗa."

Ya ajiye Alƙur'anin a gabana. Ba abin da ake nema gare ni sai in ɗora hannu in faɗi abin da na sani. Na kuwa sani. Amma da aka ce rantsuwa sai na ji sanin nawa na aro ne. Na shiga lalube a kaina, me ma ya ce game da na'urar nan? Shin abin da aka harba ba ya manne wa mutum? Ya faɗa mini, na san ya faɗa, wata Juma'a ce ina tsince shinkafa. Wani ɗan kokwanto, bai kai ƙwayar gero ba, ya riƙe mini hannu. Zainabu tana kuka a gefe. Ni malama, wadda ta yi shekaru tana dukan ƴaƴan mutane a kan su buɗe baki su yi magana, na sunkuyar da kai. Kawu ya jira ni, ya jira, sannan ya ɗauke Alƙur'anin.

Washegari da hantsi aka tura Rakiya Dabaga wurin dangin uwarta. Mutum biyu suka zo da amalanken jaki, sun ɗaure hannuwansu da leda har gwiwar hannu. Aka naɗe kayen ashirin da uku da ordinato ɗinsa a farin ƙyalle. Tunda ba gawa ba ce, ba wanda ya hana ni bi. Ni ma na zaɓi wurin, a gaɓar korin Telwa, rafin da ke bayan gari, kusa da wata aduwa, kuma da dabara na zaɓe shi. Na ƙirga taku tara daga gindin itacen. Na ce a raina in ƙura ta lafa, bayan wata biyu ko uku, sai in zo da asuba in tone abina, ba wanda ya sani. Har wani daɗi na ji a hanyar dawowa, ina ganin na yi wa kowa wayo.

Duk ɗan Agadas ya san Telwa. Wata goma tana kwance, rairayi ne zalla, yara suna ƙwallo a cikinta. Ran da aka yi ruwa a duwatsun Ayar kuwa, ko ɗigo bai sauka a gari ba, sai ka ji ta taho. A nan aka haife ni, na san haka tun ban san sunana ba, amma ranar ban tuna damina ta kusa ba. Mako uku bayan binnewar ta zo, ta cinye gaɓar, ta tafi da aduwar da saiwarta. Kwana biyu ina bin cikin kori da ƙafa bayan ruwan ya janye, ina tona laka da itace. Ko bangon kaye ɗaya ban samu ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo har yau shi ne, maganar Kawu ta tabbata. Ana kwashe takardun, gida ya buɗe. Maƙwabta suka dawo, aka ci abincin Zainabu har ana yabawa, yara suka zo kiran Rakiya wasa. Bayan shekara biyu Zainabu ta yi aure a Cirozerin, ta bar mini yarinyar don makaranta. Kawu yakan dube ni ya ce: "Kin gani?" Na gani. Da aikin ƙanena aka sayi zaman lafiyar gidansa, kuma waɗanda suka sa aka yi hakan ko tunawa ba sa yi. In na tayar da maganar yanzu sai su ce ai lokacin ba a sani ba. An sani. Akwai mutum ɗaya da ta sani, ita ce ta yi shiru. Na daɗe ina jin haushin unguwa, da masu ofis na Yamai, da Kawu, kuma har gobe ban huce ba. Amma laifi tudu ne, na taka nawa na yi shekaru ina hango na wasu.

Da Rakiya ta dawo daga Dabaga ta tarar ba kwalayen babanta, ta tambaya. Na jawo akwatina na ƙarfe na sa masa kwaɗo, na ce suna ciki, sai ta girma. Ni da uwarta muka yi alkawari a bar shi a haka. Na ce mata sai ta ci jarrabawar birbe. Ta ci, na ce sai bak. Ta ci bak, na ce sai ta yi shekara guda a jami'a, don kada ta buɗe abin da ba za ta gane ba. Duk Asabar tana goge ƙurar akwatin nan. Saboda shi ta zaɓi ajin lissafi, saboda shi ta ƙi karatun likita da uwarta ta so mata. A Yamai ta samo littafin digirin ubanta na Faransa ta hanyar intanet, ta bugo mini waya tana murna, ta ce ta ga sunansa a bango. Sannan ta ce: "Amma Gwaggo, wannan Turawa ya rubuta wa. Ni wanda ya rubuta mana nika so." Kowane uzuri na ƙirƙiro, sai ta yi karatu ta tsallake shi. Bana ba sauran jarrabawar da zan ɓuya a bayanta.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan azahar, na kira ta ɗakina na miƙa mata makullin. Ta durƙusa ta buɗe. Tsofaffin zannuwana ne a ciki da rajistocin ajina. Ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Na gaya mata komai yadda na rubuta a nan, ban rage ba, har da Alƙur'anin da na kasa dafawa. Na shirya wa kuka, na shirya wa zagi, har so nake ta zage ni. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Ta ce: "Innata ta sani?"

Na ce ta sani.

Can ta tashi ta fita, ta dawo da sabon kaye da bik na rubutu, ta zauna a ƙasa gabana. Ta ce: "Kin ce kowace Juma'a shina karanta miki. Shekara sha ɗaya. Hwaɗi abin da kika riƙe."

Muka zauna har aka kira la'asar. Na matse kaina iyakar matsewa. Na ba ta abin da ke nan, na ƙara da ƴan guntaye, wani rabin jimla, wani misali da na manta abin da yake misaltawa. Tana rubutawa, in na tsaya ta jira. Ta tambaye ni kalmar da ya sa wa wannan sassauƙan riƙon da ke hana nutoron na waje tafiya. Na tuna ranar da ya samo ta. Daga bakin wani tsoho mai tufka igiya ya ji ta, ya shigo gida yana faɗinta kamar an yi masa bushara, mako guda yana maimaita ta har na ce ya ishe ni. Na tuna rigar da ke jikinsa ranar. Kalmar ce ban tuna ba. Rakiya ta bar gurbinta a shafin, ta ja ɗan layi.

To ga abin da ya saura na Alasan, in ana son a auna. Akwai littafi guda a wani ɗakin karatu na Faransa, cikin harshen da Inna ba ta ji. Akwai tsofaffin ɗalibansa, waɗanda in na gamu da su a kasuwa sukan ce bai taɓa dukan kowa ba. Akwai yarinya mai taurin kai irin nasa, wadda ta kai inda ta kai tana bin akwatin da ba komai a cikinsa, kuma ban san ko za ta ci gaba da tafiyar ba yanzu da ta ga cikinsa. Sai shafi uku da rabi, da gurbi a tsakiya. Ina roƙon Allah ya sa niyyarsa ta isar masa, ya ba shi ladan littafin kamar an karanta. Ni kuwa ban san da wane ido zan dube shi ba.

Da ta ga na ƙare, ta ƙirga shafukan, ta sake ƙirgawa. Ta ce: "C'est tout?" Na ce shi ke nan. Ta rufe kayen ta miƙe, ta ajiye mini makullin a kan murfin akwatin. A bakin ƙofa ta juyo, cikin ladabi, yadda ƴaƴan mutane ke yi mini in an tashi daga aji. Yarinyar da na yi wa wanka, na yi wa kitso shekara goma, wadda tun da ta iya magana ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Gwaggo.

Ta ce: "Na gode, Madame."